Lambar Jinin Auta

Farfesa ya ce ƙarfe huɗu zai rufe jerin sunayen, kuma duk wanda ya san Farfesa ya san huɗunsa huɗu ce. Sau biyu yake zuwa asibitin a shekara, ya yi mako guda, ya yi wa mutum goma sha biyu aikin jijiyar wuya, ya haɗa jakarsa ya koma inda ya fito. A wannan zuwan sunaye goma sha ɗaya sun riga sun shiga. Gurbi ɗaya ya rage, Yaya kuwa ta ƙudurta a ranta na Auta ne.

Auta ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare, shekararta ashirin da huɗu. Ciwonta irin wanda yake kumbura manyan jijiyoyin jini ne har su tsuke, jinin da zai hau kai ya riƙa wucewa da ƙyar. Wata uku ke nan hannunta na dama ya fara ɗauke mata. Tana tsakiyar rubutu a allo sai alli ya suɓuce, harshe ya yi nauyi, bayan minti biyar ko bakwai komai ya dawo kamar ba a yi ba. Ita wasa take mayar da abin, ta ce hannun ne ya shiga yajin aiki. Yaya ba ta taya ta dariya, domin shekararta goma sha uku tana aiki da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibitin, ta sha ganin ƙwaƙwalwar waɗanda nasu hannun ya tafi bai dawo ba.

Ranar Litinin ita da kanta ta kwantar da Auta a cikin na'urar, ta auna yawan jinin da ke isa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Kwamfuta ta ba da talatin da takwas. Farfesa kuwa ba ya ɗaukar wuƙa sai lamba ta sauko ƙasa da talatin, saboda aikin akwai haɗari, ba ya buɗe wuyan wanda magani zai iya riƙewa.

Da safiyar Laraba ta tare shi a ƙofar ofis tun bai ajiye jaka ba.

"Ranka ya daɗe, lambar nan ba gaskiya ba ce."

"Ke kika auna," in ji Farfesa. Gajeren tsoho ne mai tabarau a kan hanci, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana.

"Ni na auna, amma da jinin wasu kwamfuta ta yi lissafi."

Ta shiga yi masa bayanin da ya riga ya sani, don bakinta ya ƙi tsayawa. Na'urar ba ta ganin gudun jini kai tsaye. Alama take yi wa jinin da maganaɗisu a daidai wuya, sannan ta jira shi a ƙwaƙwalwa ta ga nawa ya iso. Alamar kuwa dushewa take yi a hanya, domin ruwan da ke cikin jini, in maganaɗisu ya karkatar da shi, a hankali yake komawa yadda yake. Tsawon lokacin komawar nan shi masu aikin ke kira T1. Kwamfuta lamba ɗaya ta sani, ta cikin littafi, sakan ɗaya da ɗigo shida da biyar, wadda aka samo daga jinin lafiyayyu. Jinin Auta kuwa ya tsinke, jajayen ƙwayoyinsa sun yi ƙaranci, kuma tsinkakken jini ya fi daɗewa da alama. Sai kaɗan ya iso da alamarsa rangaɗau, kwamfuta ta ɗauka da yawa ne.

"Duk na sani," in ji Farfesa. "Nawa ya daɗe? Wannan ne ba ki sani ba. Mutum uku ke jiran gurbin nan, kowannensu yana da yaya. Kada ki kawo min zato. Ki auna nata jinin, na jijiya mai bugawa, ba wanda ake ja a gwiwar hannu ba, ki kawo min kafin huɗu."

Ya shige ya ja ƙofa.

Aunawa a cikin jiki ba za ta yiwu ba, jiya sun gwada. Jijiyar wuyan ta tsuke ta zama kamar zare, na'urar ta kasa samun wajen kamawa. Abin da ya rage shi ne a ɗebo jinin a sirinji a sa shi cikin na'urar shi kaɗai. Ba a taɓa yin haka a sashen ba. Malam Lissafi, masanin na'urar, wanda yake zama a ɗan ɗaki na baya tsakanin kwamfutoci uku, shi ya tsara yadda za a yi. Duk Litinin yana auna wasu kwalabe na ruwa mai kauri don ya tabbatar na'urar ba ta kauce ba, shi ya sa ya ce jini ma ai ruwa ne. Ya samo robar abinci mai murfi, ya cika ta da ruwa mai ɗumin jikin mutum, ya yanka soso ya huda shi yadda sirinji zai tsaya a ciki cak. Gargaɗi ɗaya ya yi: a kiyayi kumfa, kumfa tana ɓata awo.

Wannan gargaɗi ya faɗa kunnen da ya fi kowane shirin karɓarsa. A asibitin nan Anti Kar-a-motsa ake ce wa Yaya, har masu shara. Aikinta ke nan tun tana budurwa. Ta tare kan mutum da soso, ta ɗaure masa goshi, ta hana shi haɗiyar yawu, ta hana shi tari, in ya yi atishawa ta sake daga farko. Hotonta ya fi na kowa kyau a sashen, kuma ta san da haka. A wurinta duk abin da zai shiga na'urar nan, in ya motsa ya lalace. Shekara goma sha uku ba ta taɓa ganin abin da ya ƙaryata wannan ba.

Sha biyu saura minti goma likitan sa barci ya samu sarari ya hau ɗakin da aka kwantar da Auta. Dogo ne mai sanyin magana, shi ya fi kowa iya huda jijiya mai bugawa. Ya taɓa wuyan hannun hagu ya saki, nan kam bugu ya ɗauke tun shekara biyu. A na dama ya daɗe yana lalube da yatsu uku, idonsa a rufe.

"Likita, in ka same shi ka gaishe min da shi," in ji Auta. "Mun kwana biyu ba mu haɗu ba."

Umma da ke zaune a kujerar gefen gado ta ce, "Ke dai bakinki ba ya ciwo."

Da allurar ta shiga bakin ya mutu. Auta ta cusa gefen mayafi a baki, ƙafafunta suka miƙe, hawaye ya gangara cikin kunnenta. Sau biyu ya janye ya sake karkata allurar. A na uku jinin ya hau sirinjin da kansa, ja jawur, yana hawa yana tsayawa. Likitan ya zare, ya sa Umma ta danne wurin da auduga, ya cire allurar ya toshe bakin sirinjin, sannan ya sa shi tsakanin tafukansa ya fara murzawa.

Yaya ta zabura. Ta miƙa hannu ta karɓe.

"Kada ka girgiza min shi, likita."

Ya buɗe baki zai yi magana, wayarsa ta yi ƙara, ana nemansa a ɗakin tiyata. Ya dube ta, ya dubi robar da ta buɗe da sosonta da ma'aunin zafinta, komai tsaf. "To, ke kika san na'urarki," ya ce, ya fita da sauri. Da ya ƙara kalma uku da labarin nan bai kai haka tsawo ba, amma mutane ba sa gardama da wanda ya zo da kayan aiki a shirye.

Ta sauko bene biyu da robar a ƙirjinta, tana taka ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri. Sha biyu da kwata aka ce za a ba ta na'urar, lokacin hutun ma'aikata. Sai dai akwai wani ƙaton mutum a cikin na'urar, mai tsoron matsatsin wuri, sau uku yana danna ƙararrawa a fito da shi ya sha iska. Abokiyar aikinta tana lallashinsa, Yaya tana tsaye a kan robar tana gadi. Mai shara ta zo za ta goge tebur, ta kore ta. Malam Lissafi ya jingina da teburin, ta harare shi ya ɗaga. Sama da awa guda sirinjin nan ya yi a tsaye, ko ƙuda bai taɓa shi ba.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar suka tura robar cikin na'urar. Ƙarar da ta saba ji ta fara, bugu-bugu kamar ana sassaƙa a maƙwabta. Hoton farko ya fito, Yaya ta matso da fuskarta. Jini ɗaya ta sa, amma abu uku take gani: sama fari, ƙasa duhu, a tsakiya wani dunƙule mara siffa. Malam Lissafi ya auna sama, kwamfuta ta ce sakan uku da wani abu. Ya auna ƙasa, ta ce ɗaya da kaɗan. Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila na'urar ce, ya sake. Lambobin suka dawo yadda suke.

Ta ɗauki waya ta kira ɗakin gwajin jini, ta roƙi Gwaggo ta sauko.

Gwaggo ta fi shekara talatin a ɗakin gwaji, kowa a asibitin ɗanta ne, har Farfesa tana yi masa faɗa in ya aiko da takarda ba kwanan wata. Ta zo tana jan ƙafa, ta karɓi sirinjin ta ɗaga shi wajen fitila, ta karkata shi. Ruwan sama mai kalar rawaya ya gangara, na ƙasa ya biyo shi da nauyi, dunƙulen ya tsaya inda yake.

"Wa ya ajiye jinin nan a tsaye?"

"Ni ce."

"An murza shi bayan an ɗiba?"

Yaya ta girgiza kai.

"Kin ga farin garin nan a jikin sirinjin? Shi ne maganin da ke hana jini daskarewa. In ba a murza ba ai bai gauraya ba, yana gefe jini yana gefe. Ga shi nan ya yi guda. Kuma jinin ƙanwarki, ni nake gwada shi duk wata, saboda kumburin nan minti goma sha biyar ya ishe shi ya fara kwanciya. Ko a cikin jiki kin taɓa jin jini ya zauna, 'yar nan?"

"In aka girgiza yanzu fa?" in ji Malam Lissafi a hankali.

"Sai dai ka girgiza don ranka ya yi sanyi. Wannan ya tashi daga aiki."

Agogon bango ya nuna biyu saura minti ashirin. Yaya ta nemi kujera ta zauna. Baƙin cikin da ta ji ba na wanda aka cuta ba ne, wannan da sauƙi, akwai wanda za ka tsana. Likitan yana yin daidai ta fizge daga hannunsa. Kuma ba sakaci ta yi ba, iyakar ƙwarewarta ta zuba. Ta tuna ƙafafun Auta da suka miƙe a kan gado.

Malam Lissafi ya jawo kujera kusa da ita. Ya ce akwai hanyar ƙiyasi, in an san kaurin jini ana iya lissafa lambar, za ta faɗo wajen sakan biyu. Ya ce sai a rubuta cewa ƙiyasi ne.

"Farfesa ya ce kada in kawo masa zato."

"To," in ji Malam Lissafi. Ya dubi ƙasa. Bai faɗi sauran ba, amma ta ji shi.

Ta juya ga kwamfuta ta buɗe takardar sakamako. A gurbin da aka rubuta "an auna" ta buga biyu da ɗigo sifili. Ta zauna tana kallonsa. Zai yi daɗi a ce tsoron Allah ne kaɗai ya sa ta goge, amma gaskiya ta san Farfesa zai nemi ganin hoton sirinjin. Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi ci mata rai: da safe ta tabbata ta san komai, ga inda tabbacin ya kai ta. In lambar da ta ƙirƙira ta sa aka buɗe wuyan Auta a banza fa? Ta goge, ta miƙe.

"Gwaggo, don girman Allah ki biyo ni sama."

A kan bene ta shirya ƙarya mai kyau, za ta ce na'urar ce ta samu matsala. Da ta shiga ta ga wuyan hannun Auta ya kumbura ya yi shuɗi a ƙarƙashin filasta, ƙaryar ta gudu.

"Na ɓata jinin," ta ce. "Ni na ɓata shi da hannuna. Sai an sake ɗiba."

Umma ta ajiye carbinta a cinya. "A sake me?"

"Umma, sauran awa biyu."

"Jinin nawa ne a jikin yarinyar nan da za ki yi ta kwasa kina zubarwa? Ke kika ce ya tsinke. Kin ga yadda ta yi ɗazu? Ba a gabanki aka yi ba?"

"A gabana aka yi."

"Shekara nawa kina aikin nan? Na baƙi ba ki taɓa ɓatawa ba sai na 'yar uwarki?"

Yaya ta juya ga Auta. Ta durƙusa a gefen gadon ta kama ƙarfensa. "Auta, ba zan ce miki ba zafi. A hannu ba sauran wuri, sai a matsematsi, kuma ya fi na ɗazu. Ban ma san me lambar za ta ce ba. Amma in ba a yi ba, sai bayan wata shida."

Auta ta dubi Gwaggo da ke tsaye a bayan Yaya. Sannan ta ce, "Gwaggo, ke za ki riƙe wannan karon?"

"Ni zan riƙe."

"To a kira shi. Yaya kuma a ɗaure mata hannu ta baya."

Ba wanda ya yi dariya sai Gwaggo.

Samun likitan ya ci minti talatin da biyar, yana tsakiyar aiki. Yaya ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ta kasa zaune ta kasa tsaye, duk wanda ya fito ta tare shi da roƙo, har wata nas ta ce mata ta matsa tana tare hanya. Da ya fito bai ce mata komai ba game da ɗazu, wannan ya fi mata zafi a kan faɗa. Aka ja labule. Umma ta fita waje, ta ce ba za ta iya gani ba. Yaya ta riƙe kafaɗun Auta, tana jin yadda jikin ke karkarwa, tana jin numfashinta yana fita ta tsakanin haƙora. Biyu da minti ashirin da biyar jini ya hau sirinji.

Gwaggo ta karɓa, ta murza shi tsakanin tafukanta, ta kifa shi ta ɗago, ta kifa ta ɗago, a hankali, ba kumfa ko ɗaya. Likitan ya danne wurin da kansa, ya ce Auta ta kwanta a miƙe kada ta tashi sai bayan awa biyu.

"Sannu, Auta. Sannu. Yanzu zan dawo," in ji Yaya.

Auta ta ɗaga mata kai kawai, ba tsiya ba tsokana. Yaya ta ɗauka zafin allura ne, ta bi bayan Gwaggo.

A ƙasa wata matsalar ke jira. Hutu ya wuce, na'urar ta koma kan masu jiran layi, wanda ke gaba wani dattijo ne da ya zo hoton gwiwa, har ya sa rigar asibiti ya cire agogo. Yaya ba ta da ikon tsallake kowa. Ta je gabansa ta rusuna, ta ce Baba, ƙanwata ce, minti ashirin nake roƙo. Maganar ta sarƙe mata, ta nuna masa sirinjin da ke juyawa a hannun Gwaggo kamar shi zai yi bayani.

Dattijon ya dubi sirinjin, ya dube ta. "Gwiwar nan shekararta uku tana ba ni wahala. In ta ƙara minti ashirin ba za ta ce an ci zalinta ba. Je ki, 'yata."

Gwaggo ba ta taɓa shiga ɗakin maganaɗisun ba. Sai da aka raba ta da 'yan kunne, da zobe, da makullan ɗakin gwaji, da fil biyu na ɗankwali, tana mita tana cewa ko filin jirgi ba a yi mata haka ba. Sabon tsarin nata ne: a auna na minti ɗaya da rabi, a tsaya, ta ciro sirinjin ta juya shi sau biyar, ta mayar cikin ruwan ɗumi, a sake. Sau shida. A kwance kuma, ba a tsaye ba.

Duk sanda Gwaggo ta sa hannu ta ciro shi, sai Yaya ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinyoyinta. Hoton ya fito launi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ta sa ido a kan allon, leɓɓanta suna motsi. Addu'a take yi, kuma ta san abin da take roƙo: Allah ya sa lambar ta yi tsawo, Allah ya sa jinin da ke isa kan Auta ya yi kaɗan. Ta ji kunyar roƙon, ba ta kuma daina ba.

Zagaye na farko ya ba da biyu da ɗigo sifili uku. Na biyu, biyu da ɗigo sifili ɗaya. A na huɗu ruwan ya huce da digiri ɗaya, sai da Malam Lissafi ya ruga ya ƙaro mai ɗumi, minti shida suka tafi a nan. Da aka gama shida ya haɗa su, biyu da ɗigo sifili biyu. Ya buɗe hoton Litinin, ya goge lambar littafi, ya sa ta Auta. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar, wanda ɗazu yake kore, ya koma shuɗi.

"Ashirin da takwas," in ji shi. Ya buga tebur a hankali. "Kin yi gaskiya, Anti. Tun farko kin yi gaskiya."

Ta ga yana murmushi, ta rasa me za ta yi da fuskarta. Huɗu saura minti goma sha tara. Ta fizgi takardun daga injin bugawa tun da ɗuminsu, ta cire takalmanta masu santsi ta riƙe a hannu, ta hau bene.

Farfesa ya karanta lambar, ya nemi hoton sirinjin kamar yadda ta sani zai yi. Ya duba zagaye shidan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi zafin ruwan, ya tambayi minti nawa tsakanin ɗiba da awo. Sannan ya jawo takardar jerin, ya cire murfin biro, ya rubuta a layi na goma sha biyu.

"Gobe da safe, ita ce ta farko. Ga takardar amincewa, ita za ta sa hannu da kanta, ba ke ba." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ku kula da ita zuwa goben. In ƙwaƙwalwar ta samu sabon rauni kafin nan, ba na taɓa ta sai bayan mako shida. Ni kuwa Asabar zan tafi."

Ta yi godiya har sau uku. A bakin ƙofa ta jingina da bango ta mayar da takalmanta. Daɗi take ji, da tsoro, da gajiyar da ta kai har ƙashi.

Umma na ganin fuskarta ta miƙe. "An samu?"

"An samu, Umma. Gobe da safe."

Umma ta ɗaga hannu sama tana hamdala, faɗan ɗazu duk ya wuce, har ta dafa kan Yaya. Yaya ta jawo teburin gado, ta shimfiɗa takardar, ta nuna layin ƙasa, ta miƙa biro.

Auta ta fito da hannun hagu daga cikin bargo.

"Da dama za ki sa, yadda kika saba."

"Bari in gwada da wannan." Maganar ta fito a hankali, kalmomin suna jan juna.

Yaya ta ɗaga bargon. Hannun dama yana kwance a gefen cinya, tafin yana kallon sama. Ta sa yatsunta biyu a ciki ta ce, "Matse." Auta ta zuba wa hannun ido, goshinta ya tattare. Yatsun ba su rufe ba.

"Tun yaushe?"

Auta ta kau da kai.

"Auta, tun yaushe?"

"Tun da aka huda ni na biyu."

"Ina tsaye a kanki? Me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa, da kin zauna. Jinin ya sake lalacewa." Ta haɗiyi yawu da ƙyar, gefen bakinta na dama bai bi na hagu ba. "Na ce zai dawo kafin ki dawo. Kullum ai yana dawowa."

Yaya ta dubi agogo. Huɗu da minti biyar. Awa ɗaya da minti arba'in ke nan hannun bai dawo ba. Umma tana duban wannan tana duban waccan, hannunta bai gama saukowa daga addu'a ba.

"Mene ne? Ba an ce an samu ba?"

Yaya ta ɗauke takardar daga kan teburin, ta ninke ta biyu ta sa a aljihu. Ta danna ƙararrawar kiran nas, ta taka birkin gadon ta sake shi, ta kama ƙarfen wajen kai ta fara turawa, za ta kai ta na'urar a ga ko ƙwaƙwalwar ta samu rauni.

"Umma, riƙe mana ƙofa," ta ce.